Daga Rumbu Zuwa Sikeli: Tarihin Jikin Ɗan Dambe da Ɗan Kokawa a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a garuruwan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, ko Bakori ne ko Ɗanja ko Ƙafur ko Faskari, ya san ba a cika jin kalangun dambe da gangar kokawa ba sai amfanin gona ya shigo gida. Idan aka ɗaure dawa, aka kai dami rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, a lokacin ne samari kan tuɓe riguna su shiga fage. Dattawa kan zauna gefe suna duban ƙirjin kowane yaro da damatsansa, suna cewa wane ya yi jiki bana, wane kuwa damina ta cinye shi. Ba mai tambayar nauyin kowa, domin babu abin aunawa, babu kuma bukatar a auna.

A yau kuwa, saurayin da ke son wakiltar jiharsa a gasar ƙasa, ko yake son fitowa a damben da ake nunawa a talabijin da YouTube, sai ya hau sikeli kafin ya shiga fage. Lambar da sikelin ya nuna ita ke zaɓa masa abokin karawa, wani lokacin ma ita ke yanke hukuncin ko zai yi wasan ko zai koma gida. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka taso daga awon ido zuwa awon sikeli a wannan yanki, da abin da sauyin ya haifar tsakanin ɗan wasa da abincinsa. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, tsohon tsari duk da aibinsa yana da wata kariya da ba a rubuta ba, wato ba a karawa sai lokacin ƙoshi. Sabon tsari ya kawo adalci, amma ya buɗe wata ƙofa da ta hallaka matasa a wasu ƙasashe, kuma har yanzu muna da sauran damar toshe ta.

Jikin da gona ta gina

Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, ƙasarsa kuma ta fi nauyi da riƙe danshi. Shi ya sa ya zama gidan dawa da maiwa da auduga da gyaɗa, daga baya kuma masara. Noma a irin wannan ƙasa da hauya da garmar hannu aiki ne mai cin jiki. Daga sharar gona a bazara, sai shuka, sai noman fari, sai maimai, sai huɗa, saurayin da ke cikin gandun mahaifinsa yana duƙe ne tun fitowar rana har azahar, da yamma kuma ya wuce gayaunarsa. Idan an kira gayya, nan ma gasa ce, ana kiɗa ana duba wanda zai riga kai kunyarsa ƙarshe.

Abin lura shi ne, lokacin da aiki ya fi tsanani shi ne lokacin da rumbu ya fi yin ƙasa. A tsakiyar marka, wato watannin Yuli da Agusta, hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba. Gidaje da yawa kan rage tuwo, a ƙara da tafasa da zogale da rama. Jikin manomi kan ƙone ɗan kitsen da ya tara, wani lokacin har ya taɓa tsoka. Da tumu ya fito, sabon wake da gyaɗa da rogo suka biyo baya, sai jiki ya fara murmurewa. Kafin a gama sussuka, yaron da ya zabge a damina ya ciko, fatarsa ta yi sheƙi.

Masana na zamani kan kasa jikin mutum gida huɗu idan suna maganar nauyi: tsoka da kitse da ƙashi da ruwa. Mutum biyu kan yi nauyi ɗaya a sikeli, alhali ɗaya tsoka ce ta yi masa yawa, ɗayan kuwa kitse. Manomin da aka kwatanta a sama ba shi da kitse mai yawa, amma yana da ƙarfin baya da na ƙugu da na kamun hannu, waɗanda hauya da ɗaukar dami suka gina. Waɗannan su ne ainihin abin da ɗan kokawa ke bukata. Abincinsa ma ya dace da aikin: tuwon dawa mai ba da kuzari, sai wake da gyaɗa da ƙuliƙuli da daddawa masu gina jiki, sai fura da nonon da matan Fulani ke kawowa kasuwa.

Dambe kuwa tun asali wasan mahauta ne. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, da ya sauka Kano a 1824, ya nemi ya ga damben Hausawa, kuma ya rubuta cewa 'yan damben sun zo gabansa ne da rakiyar mahautan garin. Da kaka rundawa kan bi ƙauyuka suna yanka a wuraren bukukuwa da kalankuwa, da yamma kuma su ɗaure kara su nemi abokin gwabzawa. Ba abin mamaki ba ne a ce wannan sana'a ce ta riƙe wasan, domin a ƙasar da talaka kan daɗe bai ga nama a miyarsa ba, ɗan mahauci ne kaɗai ke samun tsoka da kayan ciki da romo a kai a kai, ga kuma kayar da sa da saɓa ƙafar naman da ke ƙara masa ƙarfi.

Hausawa na cewa alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba. Wannan karin magana ya fito ne daga bakin mutanen da suka san yunwa. Kakanninmu sun ga Kakalaba a 1913 zuwa 1914, iyayenmu kuma sun ga farin 1973. A wurinsu rama alamar ciwo ce ko talauci, cikar jiki kuwa alamar rufin asiri. Saboda haka ba a taɓa tunanin mai neman nasara a fage zai ƙi abinci ba. Akasin haka ma ake yi. Gwarzon ƙauye shi ake fara zuba wa, ubangidansa ya saya masa nama, a dama masa fura mai kauri, domin faɗuwarsa kunya ce ga garin baki ɗaya.

Yadda ake haɗa abokan karawa ma da ido ne da sanayya. Yara ke buɗe fage, matasa su biyo baya, manya su rufe. Ana duba tsara da tsawo da kauri da kuma sunan da mutum ya yi. Wanda aka nema yana da ikon ya ƙi, manyan fage kuma suna da ikon su raba idan sun ga ba sa'o'in juna ba ne. Wannan tsari yana da aibi babba. Ido kan yi kuskure, kirari da kiɗa kan tunzura ƙaramin yaro ya tari wanda ya fi ƙarfinsa, an kuma sha ɗaukar mutum ranga-ranga daga fage. Duk da haka, ba a ɗauki girman jiki a matsayin komai da komai ba, shi ya sa ake cewa banza girman mahaukaci, ƙaramin mai wayo ya fi shi. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago da Ɗandunawa sun ratsa ƙasar Hausa, suna zuga zuciya da hannu da kisa, amma ba wanda ya koyi kilon Shago daga cikinsu.

Zuwan sikeli na farko: auduga

Sikeli ya shigo rayuwar mutanen wannan yanki sau uku, kowane zuwa da ma'anarsa. Na farko ta hanyar auduga ya zo. A 1902 aka kafa wata ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Ingila mai suna BCGA, don samar wa masaƙun ƙasar kaɗa daga ƙasashen da suka mallaka. Ƙungiyar ta kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, har mutane suka Hausantar da sunan ya koma Bisije. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya mai da Funtua babbar matattarar fatake da baƙi.

Kafin wannan, manomi da mudu da tiya da dami yake awo, kuma duk awo ne da ido ke iya tabbatarwa. A kasuwar auduga kuwa sai ya tarar da wani ƙarfe mai allura, da malamin awo da ke karanta lamba ya rubuta. Wahalar damina guda ta koma lamba a takarda. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda ɓangarorin biyu suka koyi dabara, masu awo na danne sikeli, wasu masu sayarwa kuma na yayyafa wa auduga ruwa ko su cusa yashi don ta yi nauyi. Darasin da aka koya tun a lokacin shi ne, duk inda kuɗi ya rataya a kan lamba, za a sami mai neman murɗa lambar.

Kuɗin auduga ya taɓa wasanni ta wata fuskar. Da yake da kaka ake biya, sai aljihun manoma ya sami abin yi wa 'yan dambe da makaɗa kari. Sannu a hankali wasa ya tashi daga dandalin ƙauye ya koma gidan dambe a birane da manyan kasuwanni, inda ake biyan kuɗin ƙofa. 'Yan dambe suka kasu rundunoni irin su Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa, suna yawo gari gari. Wanda dambe ya zama sana'arsa ba ya jiran kaka, yana wasa da rani da bazara, har da damina. Nan ne igiyar da ta ɗaure wasa da lokacin ƙoshi ta fara sassautawa.

Noman kansa ma ya sauya. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Takin zamani da ingantaccen iri suka yaɗu, masara ta mamaye gonaki, garmar shanu ta ƙaru. Daga baya maganin feshi ya rage noman hannu, babur ya rage tafiyar ƙasa. Jikin da a da gona ke ginawa ba tare da an yi niyya ba, yanzu sai an gina shi da gangan, da gudun safe da ɗaga ƙarfe da lissafin abin da za a ci.

Zuwan sikeli na biyu: lafiya

A shekarun 1970, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool suka gudanar da wani babban bincike a ƙauyukan Malumfashi. Sun yi nazarin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da saran maciji, sun kuma auna nauyi da tsawon ƙananan yara. A 1981 likita Andrew Tomkins ya wallafa sakamakon aikinsa a yankin a mujallar Lancet, inda ya nuna cewa yaran da suka rame zawo ya fi daɗewa a jikinsu.

A wannan zuwan, sikeli aboki ne. Uwa kan kai ɗanta awo, in lamba ta hau a yi murna, in ta sauka a shiga damuwa. Hakan ya dace da abin da al'ada ta riga ta sani game da ƙiba da rama. Binciken ya kuma tunatar da wata gaskiya da ke da muhimmanci ga maganarmu: da yawa daga samarin da ke shiga fage a wannan yanki sun yi ƙuruciya cikin ƙarancin abinci da cututtukan da ke shan jini. Ba su da rarar da za su zubar.

Zuwan sikeli na uku: fage

A 1973 aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas, daga baya kuma aka shigar da wasannin gargajiya cikinsa, wato dambe da kokawa da langa, aka tsara 'yan wasa rukuni rukuni bisa nauyi kamar yadda ake yi a damben Turawa. A Nijar, gwamnati ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Gasar takobin ta riƙe tsohon tsari, babba da ƙarami kan haɗu a da'ira ɗaya. Amma gasar kokawar gargajiya ta ƙasashen ECOWAS, wadda Abuja ta karɓi baƙuncinta a 2025, tana da rukunai na kilo 66 da 76 da 86 da 100 da 120. Kamfanonin da ke shirya dambe don masu kallo na intanet su ma sun shigo da alƙalai da agogo da rukunan nauyi.

Babu mai musun alherin wannan. Yaro mai kilo 60 ba zai sake tarar ƙaton da ya ninka shi ba, kuma ƙananan masu fasaha sun sami kambun da za su yi alfahari da shi. Sai dai a karo na farko a tarihin yankin, an sami wurin da saukar lamba ke zama abin murna.

Lissafin mai sauƙi ne. Saurayi mai kilo 72 zai faɗa rukunin 76, inda zai zama ƙarami a cikin manya. In ya iya sauka zuwa 66 ranar awo, ya ci ya sha ya koma nauyinsa kafin wasa, ya zama babba a cikin ƙanana. Matsalar ita ce kitse ba ya narkewa cikin kwana uku. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700, wato fiye da abin da namiji mai aiki ke ci a kwana biyu. Abin da ke fita da sauri ruwa ne, domin kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin namiji baligi ruwa ne. Mai son zubar da kilo shida a mako guda, jikinsa yake matsewa kamar tsumma.

Hanyoyin iri ɗaya ne a duk duniya: ƙin shan ruwa, gudu a rana cikin rigar leda ko kayan sanyi, tofar da yawu, shan maganin wankin ciki ko na sa fitsari, da cusa yatsa a maƙogwaro bayan cin abinci. Na taɓa ganin wannan da idona a wani zaɓen 'yan wasa da aka yi cikin bazara. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha bakwai ba yana zaune a rana, sanye da rigar sanyi, yana tauna cingam yana tofa yawu a gorar roba. Leɓɓansa sun tsattsage. Da na miƙa masa ruwa sai ya kau da kai ya ce, “Yaya, saura rabin kilo.” Abokansa na yaba masa, suna cewa namiji ne.

Binciken likitoci ya nuna cewa rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya rage juriya. In abin ya zarce haka, jini kan yi kauri, zuciya ta wahala, gishirin jiki ya rikice, ƙoda ta ji rauni, jiki ya kasa sanyaya kansa. Bayan awo kuma sai a afka wa abinci da haɗama, nauyi ya dawo har ya zarce, gasa ta gaba a sake farawa. Ga wasu, wannan hawa da sauka kan rikiɗe ya zama ciwo na ƙwaƙwalwa. Mutum ya riƙa jin tsoron abinci ko da babu gasa, yana hawa sikeli sau da yawa a rana, yana ci a ɓoye yana amayarwa, yana ganin kansa da ƙiba alhali ƙasusuwansa sun fito.

Gemun da ya riga ya kama wuta

Wasu ƙasashe sun riga mu biyan kuɗin wannan darasi. A cikin watannin Nuwamba da Disamba na 1997, 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka, Billy Saylor da Joseph LaRosa da Jeff Reese, suka mutu ɗaya bayan ɗaya suna ƙoƙarin rage nauyi kafin awo. Dukkansu matasa ne masu ƙoshin lafiya. Bayan mutuwarsu ne hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta haramta rigunan leda da ɗakunan turara jiki, ta matso da lokacin awo dab da wasa, ta sa a riƙa gwada fitsari don tabbatar da akwai isasshen ruwa a jiki, ta kuma ƙayyade mafi ƙarancin nauyin da kowane ɗan wasa zai iya sauka tun farkon kakar wasa.

A Disamban 2015, wani ɗan wasan faɗa daga Sin mai suna Yang Jian Bing ya mutu a Filifin yana da shekara 21, shi ma wajen rage nauyi. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, 'yar kokawar Indiya Vinesh Phogat ta kai wasan ƙarshe a rukunin kilo 50, ta kwana tana matse jikinta, da safe sikeli ya nuna ta zarce da giram 100. Aka cire ta daga gasar, aka kuma kwantar da ita saboda ƙarancin ruwa a jiki. Tun kafin nan, a 1994, 'yar wasan alkafura ta Amurka Christy Henrich ta mutu tana da shekara 22 sakamakon ciwon ƙin cin abinci.

A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsayar masana a kan halin da ɗan wasa ke shiga idan abin da yake ci bai kai abin da yake ƙonawa ba na tsawon lokaci. Sun bayyana cewa hakan na raunana ƙashi da garkuwar jiki, yana dagula sinadaran jiki ga maza da mata, har al'ada kan ɗauke wa 'yan mata. Wannan ya shafe mu, domin tun da Blessing Oborududu ta ciyo wa Nijeriya azurfa a kokawa a gasar Olamfik ta Tokyo, 'yan mata ma sun ga akwai hanya a wannan fage.

Ɗaya gefen: neman ƙiba da ƙwaya

Tsohon karin maganar nan na ƙiba da ƙarfi shi ma yana da tarkonsa a zamanin kantin magani. Mai son ya cika ido a gidan dambe, ko ya haura rukunin manya inda kuɗi ya fi tsoka, kan faɗa wa ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu maganin ƙaiƙayi ne da mura mai buɗe ciki ya kuma sa barci. Wasu kuwa, irin su dexamethasone, magunguna ne masu ƙarfi da likita kan rubuta don kumburi da asma. Shan su barkatai kan tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya zaizaye tsokar hannu da ƙafa, ya raunana ƙashi, ya ta da sukari da hawan jini. Mai sha yana ganin ya yi jiki, alhali audugar da aka yayyafa wa ruwa ce. Ga kuma tiramol da wasu ke sha don kada su ji zafin naushi, wanda hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta a lokacin gasa tun daga farkon 2024.

Dalilai da dama sun sa samarin yankinmu ke cikin haɗari na musamman. Da yawansu ba su da kitsen da za su rage, don haka duk abin da ya fita ruwa ne da tsoka. Zafin bazara a nan kan doshi maki 40. Rashin tsaro ya raba iyalai da gonakinsu a sassan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, har kuɗin wasa ya zama abin ciyar da gida ga wasu, kuma mai ciyar da gida ba ya jin gargaɗi. Sannan tarbiyyarmu ta koya wa namiji jin kunyar ambaton yunwa. Yaron da ya ƙi abinci yabo yake samu, ba a gane ciwo ne sai ya faɗi.

Kammalawa

Ba za a koma zamanin awon ido ba, bai kuma kamata a koma ba. Abin da tarihi ke nunawa shi ne, tsohon tsari ya kare ɗan wasa ta hanyar sa shi ya shiga fage a ƙoshe, kuma wannan kariyar ce ta zube a hanya lokacin da wasa ya rabu da kaka, sannan sikeli ya shigo. Maido da ita ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Hukumar wasanni ta jiha da masu gidajen dambe da malaman motsa jiki na makarantu za su iya yin awo a ranar wasa, don kada a sami lokacin matsewa da cikowa. Za su iya rubuta nauyin kowane ɗan wasa tun farkon shekara, a hana shi sauka ƙasa da rukunin da ya dace da ƙirarsa. Za su iya hana wanda bai kai shekara 18 ba rage nauyi kwata-kwata, su kuma sa ma'aikacin lafiya ya duba duk wanda ya hau sikeli da busasshen baki. Wanda ke da kitsen ragewa da gaske, ya fara tun da watanni, kada ya wuce rabin kilo a mako, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abincin da ake bukata kuwa yana nan a kasuwannin Ɗandume da Bakori da Funtua: dawa da masara da wake da waken suya da gyaɗa da nono da ƙwai. Yankin da ke noma irin wannan abinci bai kamata ya zama wurin da ɗansa zai zauna a rana yana tofar da yawu don ya faranta wa allurar ƙarfe ba. Ubangidan ɗan dambe a da, alfaharinsa shi ne yaronsa ya ƙoshi kafin a buga masa take. Ya kamata mai horarwa na yau ya gaji wannan alfahari, ya tuna cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.